Mai duba gida ya ce tankin ruwan zafi bai ɗauru ba: in matsa wa mai sayarwa ko in ƙyale?

Baƙon Hayward:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni mallakar gida a Kalifoniya. Mun yi ciniki a kan wani gida a Hayward wanda aka gina a 1957, kuma mai duba gidan da muka ɗauka ya aiko da rahotonsa. Yawancin abin da ya lissafa ƙanana ne, amma ya ware shafi guda cur a kan tankin ruwan zafi da ke gareji, mai cin galan 50, mai aiki da gas, ya kuma sa shi cikin abubuwan da suka shafi tsaron rai idan aka yi girgizar ƙasa.

Ya ce ɗamara ɗaya ce tak a jikin tankin, a wajen tsakiyarsa, kuma siririyar nan ce mai huji-huji wadda masu aikin famfo suke rataye bututu da ita. Ya ce sukurorin da suka riƙe ta allon bango kawai suka huda, ba su kai ga katakon da ke ciki ba, sannan akwai tazarar kusan inci 5 tsakanin tankin da bango. Bututun gas sandararren ƙarfe ne har bakin tankin, bututun hayaƙi ɗora shi kawai aka yi ba tare da sukuru ba, bawul ɗin rage matsi kuma babu bututun da zai kai ruwansa ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a cikin takardun da mai sayarwa ya ba mu akwai wadda ya sa wa hannu yana tabbatar da cewa tankin a ɗaure yake kamar yadda doka ta tanada. Wa'adin binciken da aka ba mu ya kusa cika. Shin wannan abu ne da ya kai in tsaya a kansa, ko kuwa cika takarda ne irin na masu duba gida?

Dattijon Okland:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari wannan ya hana ka barci. Mutumin da ka biya kuɗi ya duba maka gida ba zai dawo ya ce maka komai lafiya ba, dole ya samo abin rubutawa domin ka ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma ka sani jihar nan ba ta ma ba masu wannan sana'a lasisi, kowa yana iya buga kati ya ce shi mai duba gida ne. Ina garin nan aka yi girgizar Loma Prieta a 1989, na ga abin da ta yi wa gadar Cypress, amma tankina da ko igiya ba ta taɓa shi ba yana nan tsaye bai gusa ba. Gidaje a wannan yanki ba sa jiran mai jinkiri. Ka karɓi gidanka, ka shiga shagon kayan gini ka sayi saitin ɗamara wanda bai kai dala 50 ba, ka ɗaura da kanka ranar Asabar.

Mai Sifana:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, na yarda da rabin maganarka, wato gyaran ba shi da tsada. Amma rahoton nan ba cika takarda ba ne, domin aikin famfo nake yi, kuma abin da ya bayyana shi ne abin da nake tararwa a gareji bayan gareji. Ɗamara ɗaya a tsakiya ɗaurin talala ne. Idan ƙasa ta motsa, ko dai gindin tankin ya zame ya fice ta ƙarƙashinta, ko kansa ya rinjaya ya kifa ta samanta, shi ya sa ƙa'idar aikin famfo ta jihar ta ce ɗamara biyu za a sa, ɗaya a cikin kashi ɗaya bisa uku na saman tankin, ɗaya a cikin kashi ɗaya bisa uku na ƙasansa, kuma ta ƙasan ta kasance aƙalla inci 4 sama da akwatin da ke sarrafa gas, don kada ta zame ta karya shi.

Amma inda aikin yake a gaskiya shi ne bango. Gidajen nan da katako aka tsayar da su, sandunan katakon suna jere a ciki, galibi inci 16 tsakanin kowane biyu, abin da ido yake gani kuwa siririn allo ne wanda za ka iya hudawa da sukurdireba da hannu ɗaya. Na sha sa hannu in finciki ɗamara sabuwa fil, mai ƙyalli, in ga ta biyo ni tare da sukurorinta da ɗan farin gari yana zuba. Abin da ake so shi ne sukuru mai kaurin kwatan inci da tsawon inci 3, a sa masa wosha mai faɗi, a fara huda ƙaramin rami a tsakiyar katakon kafin a ɗaura shi, domin idan ya kama gefen katakon tsagewa zai yi. Idan bangon kankare ne, sai a yi amfani da notin da ke buɗewa a cikin rami. Ita kuwa tazarar inci 5 da aka ambata, sai an cike ta da guntun katako da aka kafe a bango, yadda tankin zai jingina, in ba haka ba zai riƙa kai da komo yana fizgar ɗamarar har ta saki. Wani abin da mutane suke mantawa shi ne, idan an lulluɓe tankin da bargon riƙe zafi, ɗamarar a ƙarƙashin bargon take zama, a jikin ƙarfe, ba a kansa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Baƙon Hayward, ni ba ma'aikaciyar famfo ba ce, amma ina zaune a kwarin San Fernando ranar 17 ga Janairun 1994 da aka yi girgizar Northridge. Ƙarfe 4:31 na asuba ta zo, wuta ta ɗauke nan take, kuma da muka lalubo ƙofa muka fita da yara a hannu, abin da ya fara tarbar mu shi ne warin gas da ƙarar ruwa yana kwarara daga garejin maƙwabcinmu. Tankinsa ya kifa, ya tsinke bututun ruwa da na gas gaba ɗaya. Wani bawan Allah ya fito da kyandir da ashana a hannu yana neman ya haska, sai da aka daka masa tsawa daga ƙofofi uku kafin ya fahimci abin da yake shirin yi. A titin Balboa kuwa babban bututun gas da na ruwa ne suka fashe tare, mutane suka ga wuta tana ci a kan ruwa, gidaje suka ƙone.

Saboda haka idan ana maganar ɗaure tanki, ni ba tankin nake tunawa ba, bututun gas ɗin da ke maƙale da shi nake tunawa. Bayan haka ma an yi kwanaki ana cewa a tafasa ruwan famfo kafin a sha, a inda ruwan yake zuwa ke nan, kuma waɗanda tankinsu bai faɗi ba su ne suka wayi gari da ruwa mai tsabta a cikin gida.

Injiniya:
Hajiya ta taɓo ainihin maganar. Bari in ƙara lissafi kaɗan domin Alhaji. Galan 50 na ruwa kusan lita 190 ne, wato kilo 190, idan aka haɗa da nauyin tankin kansa ana maganar abin da ya doshi kilo 250, kamar buhun shinkafa biyar da aka jera ɗaya kan ɗaya a tsaye, ba abin da ya riƙe su sai bututu. Tankin dogo ne, gindinsa ƙarami, kuma a gareji sau da yawa a kan dakali yake, saboda ƙa'idar da ta ce wutar tsofaffin tankuna ta ɗaga inci 18 daga ƙasa don gudun tururin fetur. Ba ya ma bukatar ya faɗi kafin a shiga uku. Ya isa ya gusa inci biyu ko uku, sandararren bututu ya tsage a wajen zarensa, gas ya fara fita kusa da ƙaramar wutar da ke ci dare da rana a gindin tankin.

Game da 1989, Alhaji, cibiyar waccan girgiza tana can tsaunukan Santa Cruz, kusan mil 60 daga inda kake, kuma duk da haka ta rushe gada a garinku inda ƙasar take da laushi. Gidan da ake magana a kai a Hayward yake, garin da tsagin ƙasa mai haifar da girgiza, wanda ya ratsa gabashin yankin, ya samo sunansa daga gare shi, kuma rabon da wannan tsagi ya yi babban motsi tun 1868. Tankin da ya tsira daga girgizar da ta taso daga nesa bai ba da shaida a kan wadda za ta taso daga ƙarƙashin unguwa ba.

Dokar kuma ba ra'ayin mai duba gida ba ce. Sashe na 19211 na dokar lafiya da tsaro ta Kalifoniya ya wajabta ɗaure tankunan ruwan zafi na gidaje, sababbi da tsofaffi, har zuwa masu cin galan 120, ya kuma ɗora wa mai sayar da gida ya tabbatar wa mai saye a rubuce cewa an yi hakan. Tunda kuma an gina gidan kafin 1960, wajibi ne a ba ka ɗan littafin jagora na hukumar kula da tsaron girgizar ƙasa ta jihar, tare da takardar da mai gida zai amsa tambayoyi a kan raunin ginin. Ka duba abin da ya ce a kan ko an kafe katakon gidan a jikin harsashinsa da notuna, domin a gidan 1957 wannan ya fi tanki tsada nesa ba kusa ba.

Dattijon Okland:
To, Injiniya, na ji lissafi, kuma ba na jayayya da alƙalami. Amma ku lura ban ce kada a ɗaure ba, cewa na yi kada ya sa mai sayarwa ya ɗaure. Mutumin da ya sa hannu a takarda alhali ɗamararsa a jikin allo take, idan ka ce ya gyara, zai nemo mafi arahar mai aiki ne ya ƙara ɗamara ta biyu a jikin allon nan dai, ya ɗauki hoto ya aiko maka, ka ga ɗamara biyu ka yi hamdala. Wanda zai kwana a gidan shi ya kamata ya tsaya a kan aikin.

Dillaliya:
Baba, a wannan gaɓar ina bayanka, sai dai akwai hanyar da ba za a bar wa mai saye nauyin duka ba. Da farko ina so Baƙon Hayward ya cire wa ransa cewa lalle yaudararsa aka yi niyyar yi. Yawancin masu sayarwa suna leƙa gareji ne su ga wani ƙarfe zagaye da tanki, su sa hannu da zuciya ɗaya, ba su taɓa sanin abin da ke bayan allon ba. Wannan bai sauke musu nauyi ba, amma ya kamata ya shafi irin harshen da za ka rubuta takardarka da shi.

Hanya biyu ce a gabanka kafin wa'adin ya cika, wanda a takardar cinikin da aka fi amfani da ita a jihar nan kwana 17 ne idan ba a canza ba. Ko dai ka nemi a gyara, ka kuma rubuta sharaɗi ƙarara cewa mai aikin famfo mai lasisi ne zai yi, a ba ka rasit, sannan mai duba gidanka ya dawo ya gani da idonsa. Ko kuwa ka samo kiyasin kuɗin aikin gaba ɗaya a rubuce, ka nemi a rage maka shi, ka kawo naka mai aikin. Game da ɗamarar kanta, tunda doka a kan mai sayarwa ta ɗora tabbatarwar, ni nakan nemi a yi ta kafin a rufe ciniki, sauran kuma a yi maganar kuɗi. Kada ka roƙi mai duba gidan ya yi maka gyaran ko da ya iya, domin doka ta hana shi yin aikin gyara na kuɗi a gidan da ya duba cikin wata 12 da suka wuce, kuma hikimar hanin a fili take.

Akwai tambaya guda da rahoton ya kamata ya sa ka yi. Canza tankin ruwan zafi yana bukatar izini daga hukumar birni, kuma jami'in da zai zo dubawa ba zai wuce ɗamara ɗaya da bawul marar bututu ba. Idan tankin bai tsufa sosai ba amma yana cikin wannan hali, alama ce ta cewa an sa shi ne ba tare da izini ba, sai ka tambayi kanka wane aiki kuma aka yi a gidan ta wannan hanya. Shekarar ƙera tankin tana jikin takardar da ke manne da shi, sau da yawa a cikin lambar tankin.

Mai Sifana:
Hajiya Dillaliya ta kawo ni kan abubuwa biyun da ba a tattauna ba, kuma a wurina sun fi gaggawa, domin ba sa jiran girgizar ƙasa. Bawul ɗin nan yana buɗewa ne idan matsi ya kai 150 a ma'auninsa ko zafi ya kai digiri 210 na Faranhait, kuma abin da zai feso tafasasshen ruwa ne, a daidai fuskar mutum ko kan yaro idan babu bututun da zai kai shi ƙasa. Bututun ya gangara, bakinsa ya kalli ƙasa, kada a yi masa zare a ƙarshe balle wani ya ga yana ɗiga ya toshe shi da murfi. Shi kuma bututun hayaƙi, idan ya goce daga mazauninsa, tankin zai ci gaba da aiki lafiya lau yana zuba iskar kabon monoksaid a gareji, iska mai guba da ba ta da wari ko launi. Ƙaramar girgiza da ba ta fasa ko kofi ba tana iya gusar da shi. Sukurori uku a kowace mahaɗa sun wadatar, sannan a tabbatar akwai na'urar gano wannan iska kusa da ɗakunan kwana, wadda ita ma doka ce a gidajen da ke da kayan gas.

A nan ne nake rabuwa da shawarar Alhaji ta ranar Asabar. Ɗamara kowa mai haƙuri zai iya ɗaurawa. Amma cire sandararren bututun gas a sa tiyon ƙarfe mai lanƙwasa aikin wanda ya iya ne, sabon tiyo ake sawa ba tsoho ba, a bar masa ɗan rara yadda zai bi motsin tankin, a kuma gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu a ga ko za ta yi kumfa. Bututun ruwan sanyi da na zafi da ke saman tankin su ma masu lanƙwasa ake so.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Mai Sifana, ina da tambaya a kan bawul ɗin da ke rufe gas da kansa idan ƙasa ta girgiza. A cikin birnin Los Anjeles ba a sayar da gida sai an sa shi. Tunda za a taɓa bututun gas ɗin, me zai hana a sa shi gaba ɗaya a huta?

Mai Sifana:
Hajiya, yana da amfani, musamman ga gidan da ake wuni babu kowa, amma ba ya maye gurbin ɗamara, kuma ba kowane birni ne ya wajabta shi ba, sai Baƙon Hayward ya tambayi ofishin gine-gine na birninsu. A wajen mita ake sa shi, yana tsayar da gas ne kawai, ba ya hana tanki faɗuwa ya fasa bututun ruwa ko ya danne mutum. Yana kuma da nasa wahalar, domin yakan rufe ko da babu inda gas yake zuba, sai a zauna babu girki babu ruwan zafi har a samu wanda zai zo ya duba ya kunna. Bayan girgizar 1989 dubban gidaje sun rufe gas ɗinsu da hannu saboda tsoro alhali ba abin da ya same su, ma'aikatan kamfanin gas suka yi ta bi gida-gida suna mayarwa. Abin da nake gaya wa kowa shi ne ya rataye sifana kusa da mita, ya nuna wa duk babban da ke gidan yadda ake juya makunnin kwatan zagaye har ya gitta bututun, amma kada a rufe sai an ji wari, ko an ji ƙarar fitar iska, ko an ga bututu ya karye. Idan kuma an rufe, kada mai gida ya buɗe da kansa.

Baƙon Hayward:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Hajiya Dillaliya, na duba takardar jikin tankin na kuma tambayi ofishin birni, kuma babu wani izini da aka taɓa karɓa a kansa. Mun rubuta wa mai sayarwa cewa mai lasisi ya gyara komai a ƙarƙashin izini kafin a rufe ciniki, na kuma nemi mai duba harsashi ya shiga ƙarƙashin gidan kamar yadda Injiniya ya nuna. Muna jiran amsarsu.

Ɗalibi Mai Haya:
Iyayena da yayyena, ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni haya nake a San Jose, tankinmu na lantarki ne, yana cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki a baranda, kuma bayan karanta wannan muhawara na buɗe na ga babu ɗamara ko ɗaya. Tunda babu gas, kuma bango ya kewaye shi ta ko'ina, shin akwai abin damuwa? Kuma ni zan saya in ɗaura ko mai gidan?

Injiniya:
Ƙanena, dokar ba ta ware na lantarki ba. Haɗarin gobarar gas babu shi, amma idan tankin ya gusa zai iya tsinke wayar da ke ba shi wuta a daidai lokacin da ruwa yake malala a ƙasa, kuma idan a bene kake, ruwan a kan na ƙasa da kai zai sauka. Bangon ɗan ɗakin nan allo ne, ƙofarsa kuma ba a yi ta don ta tare kilo 200 ba. Nauyin gyaran a kan mai gidan yake. Ka ɗauki hoto, ka rubuta masa a takarda ko ta imel ka ambaci sashe na 19211, ka ajiye kwafi, kada ka huda masa bango da kanka ya zo ya cire daga kuɗin ajiyarka.

Tunda Hajiya Maman 'Yan Biyu ta ambaci ruwan sha, ga yadda ake ɗibarsa idan bukata ta taso. A fara kashe wutar tankin daga akwatin lantarki, ko a rufe gas ɗinsa idan na gas ne, domin tankin lantarki da aka zuƙe ruwansa yana kunne zai ƙone ƙarfen dumamarsa. A rufe bawul ɗin da ruwan sanyi yake shigowa ta cikinsa don kada gurɓataccen ruwan titi ya shiga, a bar ruwan ya huce, a buɗe famfon ruwan zafi guda a cikin gida domin iska ta shiga, sannan a tara bokiti a ƙaramin famfon da ke gindin tankin. Na farkon yakan fito da laka, sai a ajiye shi don wanke-wanke. A lissafin da hukumomin agaji suke bayarwa na galan ɗaya ga kowane mutum a rana, tanki mai galan 40 zai riƙe mutum huɗu kimanin kwana goma. Ka gwada famfon gindin tun yanzu ka ga ko yana buɗuwa, domin na roba yakan ƙage idan ya shekara ba a taɓa shi ba, kuma idan ka ga ya ƙi, ka haɗa shi cikin takardar da za ka aika wa mai gidan.